Markaɗen Ƙari: Wa Ke Magana a Cikin Samfurin?

Yau tarihin binciken ciwon daji za mu leƙa, kuma daga injin markaɗe za mu fara.

Kun kai tumatir, attarugu da albasa an markaɗe. Kun ɗanɗana kun ji yaji. To daga ina yajin ya fito, attarugu ne ya yi yawa ko albasar ce mai ƙarfi? Matsalar da masana suka daɗe suna fama da ita ke nan. Ƙarin da likita ya yanko ba ƙwayoyin kansa zalla ba ne. Akwai ƙwayoyin garkuwar jiki, da na jijiyoyin jini, da waɗanda ke ɗinke nama suna riƙe shi. Idan za a auna waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki, sai a niƙe duka a tatso RNA ɗinsu a haɗe.

A 1995 ɗakin binciken Patrick Brown a Jami'ar Stanford ta Amurka ya fito da ɗan farantin gilashi mai auna aikin ƙwayoyin gado da yawa lokaci guda. A 2000 aka yi amfani da shi wajen raba kansar mama gida-gida. Babban ci gaba ne, amma fa markaɗe ake aunawa.

Inda abin ya fi ɗaukar hankalina shi ne kansar babban hanji. An gano wani rukuni mai saurin kisa, aka ɗauka ƙwayoyin kansar ne suka rikiɗe suka ƙara mugunta. Sai a 2015 masana a Italiya da Sifaniya suka nuna akasarin wannan alama daga maƙwabta take, wato ƙwayoyin da ke ɗinke nama. Dabarar 'yan Italiya ta burge ni: sun duba ƙarin mutum da aka dasa a jikin ɓera, inda maƙwabtan ke zama na ɓera, kansar kuma ta mutum. Da suka ware RNA ɗin, sai ga alamar a ɓangaren ɓera. Ku duba fa, mai haɗa magani da ya bi fassarar farko, saitin wata ƙwaya daban zai yi.

Mafita biyu aka bi. Ɗaya lissafi: manhajar CIBERSORT, ita ma ta Stanford a 2015, tana ƙiyasta kason ƙwayoyin garkuwa iri 22 daga markaɗen. Ɗayar kuma a daina markaɗen, a auna ƙwaya ɗaya-ɗaya, hanyar da aka fara nunawa a 2009. Ta fi fayyace komai, sai dai tsada, shi ya sa har yau lissafin bai rasa kasuwa ba.