Ƙaurin Murhu: Yadda Kakanninmu a Daura Suka Zauna da Hayaƙi

Ka taɓa shiga madafa da damina ka ji ƙaurin hayaƙi, alhali tun jiya ba a hura wuta ba? Ga dalili. Ɗanyen itace ba ya cin wuta sosai, sai ya fitar da hayaƙi mai danƙo kamar kwalta, ya manne a bango da rufi. Ita ce kunkunniya. Da iska ta yi laima, sai warinta ya taso.

Tsoffin gidajen Daura ba su da bututun hayaƙi irin na Turai, ba su ma buƙace shi ba. Murhun duwatsu uku a tsakar gida yake, ko a 'yar bukka wadda hayaƙi ke ratsa ciyawarta ya fice. Har amfani yake yi: yana korar ƙwari daga jinka, manomi kuma ya rataye zangarniyar iri a saman murhu.

Da kwano da siminti suka zo, madafa ta koma rufaffen ɗaki, hayaƙi ya rasa mafita. Turaren wuta wari kawai yake rufewa, huhu na ci gaba da shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020.

Wani shirin Oxfam da Tarayyar Turai ya yaɗa murhun yumɓu mai tsimin itace a Daura, Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu.

Kai ma ka nemi busasshen itace, a kwashe toka, a kankare kunkunniya, a huda taga kusa da rufi, domin hayaƙi sama yake nema.