Amosanin Gaɓɓai da Haɗarinsa ga Zuciya

Amosanin gaɓɓai, wanda likitocin Sudan suke kira rumatoyid, ciwo ne da garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi gaɓɓan mai ita. Yakan fara da ƙananan gaɓɓan yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda, da kumburi da sandarewar safe mai kaiwa awa ɗaya ko fiye. Mata sun fi kamuwa, ninki biyu zuwa uku. Mutanenmu na Makwar da Mai Wurno da ƙauyukan Jazira sukan haɗa kowane ciwon gaɓa su ce "ruɗuba" ce, su ɗora wa sanyin aikin ruwa a gona. Wannan dabam yake. Dabam yake kuma da zazzaɓin rumatizim na yara, mai biyo bayan ciwon maƙogwaro ya ɓata ƙofofin zuciya, irin wanda Asibitin Salam da ke Soba ya fara yi wa tiyata a 2007.

Abin da bincike ya bayyana shi ne kumburin bai tsaya a gaɓa ba. Yana bin jini ya raunata bangon jijiyoyi, kitse ya samu wurin taruwa. Wani nazari na 2008 da ya tattara bincike da yawa ya nuna haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya ya ƙaru da kusan kashi 50 cikin 100 ga masu amosanin. Shi ya sa ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta ce a riƙa auna haɗarin zuciyarsu aƙalla duk shekara 5, a ƙara rabi a kan lissafin da aka samu.

Maganin metotireksat, wanda ake sha sau ɗaya a mako, yana kwantar da kumburin, kuma an lura masu shansa sun fi tsira daga bugun zuciya. Amma da aka gwada shi a 2018 ga masu ciwon zuciya da ba su da amosanin, bai amfane su ba. Ba maganin kowa ba ne, kuma mai ciki ba ta shansa.

Inda na fi jin tsoro shi ne ƙwayoyin da ake saye a kemis ba da takardar likita ba. Dikulofenak da kotizon suna sauƙaƙa zafi nan take, sai dai yawansu yana ɗaga hawan jini, kotizon har da sukari. Sigari kuwa tana tsananta ciwon biyu. Ƙaho ba ya maye gurbin magani.

Ta fuskar ibada, hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ba wanda ya kasa tsayuwa damar sallah a zaune. Wanda ruwan sanyi ke cutarwa ya ɗumama shi, in babu hali ya yi taimama. Mai azumi ya tambayi likitansa ya mayar masa da ƙwayar mako zuwa bayan buɗa-baki.