Tarihin sifirin mota da ratar da ke tsakanin taya da bodi

Tsakanin saman taya da bakin bodin ƙaramar mota akwai rata da takan kai faɗin yatsu uku ko huɗu. Ba kwalliya ba ce. A cikinta taya ke hawa idan mota ta taka tudu ko ta ɗauki kaya, a cikinta kuma tayar gaba ke juyawa dama da hagu. Abin da ke riƙe da wannan rata shi ne sifirin, don haka duk wanda ya canza sifirin ya taɓa ta, ko ya sani ko bai sani ba. Gogar taya bayan canjin sifirin matsala ce da kanikawa ke gani kullum, amma ba tare da mota aka haife ta ba. Sauye-sauyen ƙira ne suka kawo ta sannu a hankali.

Sifirin ya girmi mota. Kekunan doki na Turai sun daɗe ana rataya akwatin fasinjansu da kauraran igiyoyin fata, har zuwa 1804 lokacin da wani maƙerin kekuna a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar dabarar ɗora keken kacokan a kan lanƙwasassun fallayen ƙarfe. Ana jera fallayen ne, dogo a sama, gajeru a ƙasa, a ɗaure su a tsakiya. Idan nauyi ya hau sai su miƙe, idan ya sauka su koma yadda suke. Aikin maƙera ne tsantsa: a gasa ƙarfe, a lanƙwasa, a tsoma a mai, a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi gautsi. A wancan zamani babu mai damuwa da rata, domin ƙafafun keken a waje suke, babu abin da ke samansu sai iska.

Motocin farko sun gaji wannan tsari yadda yake. Ford Model T, wadda ta fito a 1908 aka kuma ƙera fiye da miliyan 15 kafin a daina a 1927, sifirin biyu kacal gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne a gicciye. Motar doguwa ce, tayoyinta sirara, kuma murfin da ke kare taɓo wani falle ne daban da aka ɗaure can sama da taya. In ya taɓa taya sai a tanƙwara mariƙinsa, magana ta ƙare.

Sai dai sifirin mai falle-falle yana da wani hali da har yau yake wahalar da masu gyara. A motocin da aka jera shi ta tsawo, aiki biyu yake yi: yana ɗaukar nauyi, kuma shi ne ke tsayar da aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu, a gurbinsa. Ƙusar da ta ratsa tsakiyar fallayen tana da kai da ke shiga wani rami a mazaunin aksul. A motoci da yawa ƙusar ba a tsaka-tsaki take ba, ɓangaren gaba ya fi na baya gajarta. Idan aka ɗaura sifirin baya a gaba, ko aka sa na wata mota mai kama da shi, taya za ta gusa daga tsakiyar kogonta ta fara cin bodi. In kuma ƙusar gefe ɗaya ta karye, aksul ya karkace, sai a ga mota na tafiya a kaikaice kamar kaguwa.

Babban sauyi ya zo ne tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu. Naɗaɗɗen sifirin, wanda kanikawa ke kira koyil, ya bayyana tun a wata ƙaramar motar Amurka mai suna Brush Runabout wajajen 1907, amma bai yaɗu ba sai da aka raba tayoyin gaba kowacce ta riƙa motsi ita kaɗai. Kamfanin Lancia na Italiya ya yi haka a motarsa Lambda a 1922. A Amurka kuwa, wani injiniya ɗan Ingila, Maurice Olley, wanda ya bar Rolls-Royce ya koma Cadillac a 1930, ya nuna cewa mota ta fi daɗin zama idan sifirin gaba ya yi laushi, kuma laushin ba ya yiwuwa da aksul guda a gaba ba tare da sitiyari ya riƙa karkarwa ba. A 1934 General Motors ya fitar da motocinsa da rabaɓɓun tayoyin gaba, a 1938 kuma Buick ta sa koyil a ƙafafu huɗu.

Koyil nauyi kawai yake ɗauka, ba ya tsayar da komai. Hannuwan ƙarfe ne ke riƙe taya, kuma da yake hannu a kan maƙalarsa yake lilo, taya ba ta hawa a miƙe: tana hawa tana ɗan kwantawa. Wannan na nufin tsayin sifirin ne ke yanke yadda taya za ta tsaya. A daidai wannan lokaci masu zanen mota suka fara haɗiye tayoyi cikin bodi, abin da ya zama ruwan dare bayan yaƙin duniya na biyu. Sifirin ya yi laushi, taya ta ƙara zirga-zirga, ga shi an rufe ta cikin kogo. Daga nan rata ta zama abin da injiniya ke lissafawa da milimita.

Ƙirar da ta ƙara matse wurin ita ce ta wani injiniya, Earle MacPherson, wadda ta fito a motocin Ford Consul da Zephyr na Ingila a 1950. Ya haɗa koyil da shokazoba a sanda ɗaya da ke tsaye daf da taya. Tsarin yana da arha kuma yana barin fili ga inji, shi ya sa yawancin ƙananan motocin yau suke amfani da shi. Illarsa ita ce farantin da koyil ke zama a kai yana nan saman taya ta ciki. Saboda haka taya na iya gogar bodi ta waje, tana kuma iya gogar farantin ta ciki, kuma ɗaga mota ba ya maganin ta biyun, domin farantin da taya tare suke hawa da sauka. Citroën ta Faransa ta kauce wa batun baki ɗaya a motarta DS ta 1955, inda gas da mai suka maye gurbin ƙarfe, motar na daidaita tsayinta komai nauyin da aka ɗora mata. Dabarar ta burge, amma tsada da wuyar gyara sun hana ta zama ta kowa.

Masu mota su ma sun daɗe suna taɓa lissafin injiniya da gangan. Masu fasa-ƙwaurin barasa a kudancin Amurka, tun zamanin haramcin barasa na 1920 zuwa 1933 da bayansa, sukan ƙara fallaye a sifirin baya don kada motar da ke maƙare da kaya ta durƙusa ta tona musu asiri. Matasa 'yan asalin Meziko a Los Angeles kuwa akasin haka suka yi: suna yanke koyil, suna loda buhunan yashi a but, don mota ta kwanta ƙasa. A 1958 jihar Kalifoniya ta kafa doka cewa kada wani sashe na mota ya sauka ƙasa da gindin wilinta. Shekara guda bayan haka wani mai suna Ron Aguirre ya sa wa motarsa Corvette famfunan mai na jirgin sama, yana ɗaga ta ko sauke ta da maɓalli. Dokar ta zauna har farkon 2024 kafin a soke ta. A hannun irin waɗannan masu gyara ne dabarar naɗe leɓen bodi ta ciki ta yaɗu: da farko da sandar wasan ƙwallo ake murzawa tsakanin taya da bodi, daga baya aka ƙera na'urar da ake ɗaurawa a mazaunin wili.

A Afirka buƙatar daban ce, domin kaya da ramuka ne ke mulki. Sunan da Peugeot ta yi a nan sifirin ne ya jawo mata rabinsa. Ƙirar 404 ta ci gasar tseren Safari ta gabashin Afirka sau huɗu tsakanin 1963 da 1968, 504 kuma, wadda ta fito a 1968, ta ci a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. An ci gaba da haɗa 504 a can har 2006. Tayoyinta na da doguwar hanyar hawa da sauka, kogonsu kuma yalwatacce ne. Doguwar 504, wadda ta zama motar haya tsakanin garuruwa, tana da koyil bibbiyu a kowane gefe na baya, a-kori-kurar kuma fallaye gare ta.

Duk da haka lodin da ake yi ya wuce abin da aka tsara a Faransa. A nan tsohuwar sana'ar ƙira, wadda ta kusa ɓacewa a Turai bayan sifirin ya koma abin da ake oda da lamba, ta samu sabon rai. A Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da garejojin manyan motoci akwai masu aikin sifirin: su kwance ɗaurin, su jera fallayen, su bubbuge kowanne da guduma a kan maƙera har lanƙwasarsa ta dawo, su ƙara falle ɗaya ko biyu, su canza ƙusar tsakiya da doguwa. Direba zai ce motarsa ta zauna, a ɗaga masa ita. Aikin yana biyan buƙata, ko da yake ƙarfen da ya gaji aka buge shi a sanyi ba ya daɗewa yake sake kwantawa, ƙarin falle kuma ba ya ƙara wa aksul ko birki ƙarfi. Fallen da ya karye ma ba ya asara, maƙera na sayensa su ƙera adda da gatari da wuƙa, saboda ƙarfensa na riƙe kaifi.

Shigowar tsofaffin motocin Turai da ake kira Beljiyam, musamman daga shekarun 1990, ta kawo wata sabuwar fuska. An yi su ne don shimfiɗaɗɗen titi, cikinsu kusa da ƙasa, sifirinsu ya riga ya sha aiki. Sai aka shiga sa musu zoben roba ko na ƙarfe a saman koyil, ko a nemo koyil ɗin wata mota mai nauyi. A nan kuskure ke da sauƙi. Ƙirar mota ɗaya na iya samun koyil iri-iri gwargwadon girman inji da nau'in giya da siffar bodi, kuma abin da ke bambanta su sau da yawa ɗigon fenti ne mai launi a jikin ƙarfen, wanda tsatsa ta riga ta cinye a kan na gwanjo. Biyu na iya zuwa tsayi ɗaya a ƙasa, a ɗora musu mota ɗaya ya nutse fiye da ɗaya.

Hanyar da gogaggen bakanike ke bi idan taya ta fara guga bayan canjin sifirin ta taru ne daga duk wannan tarihi. Yana farawa da awo daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi a ƙafafu huɗu, mota na kan shimfiɗaɗɗen wuri, bayan an ɗan zagaya da ita sifirin ya zauna. Sai ya nemi inda ake gugar, domin wurin kan yi sheƙi ko ya bar baƙin roba. Ya duba ko ƙarshen koyil ya faɗa gurbinsa a faranti, ko an kifa shi, ko an musanya na gaba da na baya. Ya tambaya ko an ɗaure notocin hannuwa mota na rataye a kan jak. In haka aka yi, robobin za su murɗe idan an sauke ta, motar ta tsaya a tsayin ƙarya, robobin kuma su yage da wuri. Daidai shi ne a ƙarasa ɗaurin yayin da nauyin mota ke kan tayoyinta.

A motar da ke da aksul guda da koyil a baya, galibi akwai sanda a gicciye mai ɗauke da sunan tsohon kamfanin Panhard na Faransa, wadda ke hana aksul zamewa gefe. Da yake a karkace take lilo, ɗaga mota ko sauke ta na jan aksul zuwa gefe ɗaya, sai taya ɗaya ta leƙo waje ɗayar ta shige ciki. Maganinsa sanda mai daidaituwa ko gusar da mariƙinta. Akwai kuma guntun robar da ke tare taya kafin ta kai bodi, wadda sau da yawa ta ruɓe ta faɗi ba a lura ba.

Wani lokaci laifin ba na sifirin ba ne, taya ce ko wili aka canza tare da shi. Tayar 195/65 R15 tsayinta kusan milimita 635 ne, ta 205/70 R15 kuwa 668, wato ta cinye kusan milimita 17 na ratar sama. Lambar ET da ke jikin wili tana nuna inda yake zama: mai ET35 ya fi mai ET45 fitowa waje da milimita 10 idan faɗinsu ɗaya. Sai an kawar da waɗannan duka, an kuma yi alaimen, sannan ake maganar naɗe leɓen bodi ko rage robar da ke cikin kogo.

Hanyoyi biyu na gaggawa sun daɗe a gareji kuma dukansu na da illa. Gasa koyil da wutar walda don ya sauka yana kashe ƙarfin da aka ba shi a masana'anta, ya ci gaba da nutsewa ko ya karye. Yanke shi kuwa yana ƙara masa tauri, domin taurin koyil na ƙaruwa idan zagayensa ya ragu: cire zagaye ɗaya cikin goma masu aiki na ƙara kusan kashi 11 cikin ɗari, kuma guntun na iya fita daga gurbinsa idan taya ta rataya. Ɗagawar da ta wuce kima ita ma tana karkata shaf ɗin motar da ke ja da gaba har robarsa ta yage, a wasu a-kori-kura kuma tana rikita bawul ɗin da ke auna lodi ya raba ƙarfin birki zuwa baya. Shi ya sa masana'antu ke umartar a canza sifirin bibbiyu, dama da hagu tare, da lambar da ta dace da nauyin wannan motar, a kuma duba shokazoba a lokaci guda.