Yarinya Ta Dawo Da "Munka" Da "Sunka"

'Yan uwana mata, akwai wani kuka da ake yawan yi a gidan biki da gidan suna, wato a ce yarinya ta tafi makarantar kwana, ko an kai ta riƙo wajen gwaggonta a wani gari, ta dawo hutu da bakin da ba nata ba. Misali Bakanuwa 'yar shekara 14 ta yi shekara guda a Sakkwato, ta shigo gida tana cewa, "Inna, mun iso lahiya, tun da asuba munka taso," alhali kuwa da "Umma" ta tafi. Ƙannenta su fashe da dariya, kishiya ta taɓe baki ta ce an tura yarinya karatu ta koyo ƙauyanci. Uwa kuma abin ya tsaya mata a rai, sai faɗa: "Ke, ki gyara bakin nan naki tun kafin ranki ya ɓaci, a gidan nan ba a munka." Haka ita ma uwa Basakkwatiya, in tata ɗiyar ta dawo da Kananci cewa take yi iyayi ne da girman kai.

To kafin ki ɗaga murya 'yar uwa, zo mu ɗan leƙa tarihi mu ga wai shin wa ya ce wannan Hausar ce daidai, waccan kuma kuskure.

Ita dai Hausa tun asali kowace ƙasa da irin karinta. Akwai Kananci, Sakkwatanci, Katsinanci, Dauranci, Zazzaganci, Bausanci, Gobiranci da sauransu, kuma ba a taɓa jin wani sarki ya tilasta wa talakawan wani sarki su yi magana irin tasa ba. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka fara a 1804, Hausar yamma ce ma take da alƙalami. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajojinta na 'yan taru suna haddacewa suna kai wa mata ƙauye-ƙauye. Da wace Hausa kike jin suke karantarwa? Da wannan mai munka da sunka ɗin da ake yi wa yarinyarki dariya a kanta.

Abin ya juya ne da zuwan Turawa. Kano dama can ita ce uwar ciniki, Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, fatake sun yaɗa maganar Kanawa ko'ina. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 kuma shi Ɗan Hausa ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Daga nan Hukumar Fassara da aka fara a Kano aka mayar da ita Zariya, ta zama Hukumar Talifi a 1933 a hannun Rupert East. Da yake littafin makaranta dole ya zama iri ɗaya daga Sakkwato har Bauchi, sai aka ɗora shi a kan Kananci, domin shi ne mafi yawan mutane suka saba ji.

Abin sha'awa, a gasar da East ya shirya a 1933, cikin mutum 5 da aka buga littattafansu Muhammadu Gwarzo ne kaɗai ɗan ƙasar Kano. Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da wansa Bello Kagara mai Ganɗoki a Katsina suke koyarwa a lokacin, Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar mutumin Bauchi ne, John Tafida mai Jiki Magayi kuma daga Zariya. Kowannensu yana da bakin gidansu, ya kuma koyi bakin littafi, bai zama bare a gida ba. Sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962. A haka kunnenmu ya saba, har muka ɗauka wannan ce kaɗai Hausa. Kin ga ke nan kasuwa da jirgi da injin ɗab'i ne suka ɗaga Kananci.

Har ma wani abu zan gaya miki da zai ba ki mamaki. Masu nazarin harshe sun nuna a wurare da yawa bakin Sakkwato ne ya riƙe tsohuwar Hausa. Wani Bajamushe mai suna August Klingenheben ya bayyana a 1928 yadda Kanawa suka tausasa baƙin da ya zo a ƙarshen gaɓa ya koma "u". Zamna ce ta zama zauna, amre ya zama aure, sabro ya zama sauro. In kina shakka dubi kalmar talaka, ki dubi talauci, ina "k" ɗin ta tafi? Saboda haka yarinyar da ta ce miki "zamna ki huta" da bakin kakannin kakanninki ta yi miki magana. Shi ya sa Bargery, da ya wallafa babban ƙamusinsa a 1934, ya zuba kalmomin Sakkwato da na Katsina da na sauran ƙasashe a ciki, yana nuna inda kowace ta fito, duk a matsayin Hausa.

Mu ma ai mun san daɗin bakin nan. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa tsayawa da wanke-wanke ba don an sako Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo a rediyo? Ba da Kananci suka yi waƙa ba, ba kuma wanda ya ce su gyara.

Me ya sa yarinya take saurin ɗauka? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tun da aka buɗe Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato a 1966, aka yi ta buɗe irinta a jihohi, yara suke barin garinsu suna kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yan wasu garuruwa. Yarinya mai tasowa ba abin da take tsoro kamar a ware ta. Ranar da ta fara cewa "muka" a cikin masu "munka" ita aka yi wa dariya, ta koyi nasu don ta samu ƙawaye. Yanzu ta dawo gida a sake yi mata wata dariyar, ina za ta sa kanta? Abin da yake biyo baya shi ne shiru. Ta daina hira a tsakar gida, ta shige ɗaki, ranar da wata damuwa ta gaske ta same ta, ta saurayi ko ta jikinta, ba za ta kawo miki ba, don kin koya mata cewa in ta buɗe baki gyara za ta sha. Wannan asarar ta fi ta munka nesa ba kusa ba.

Shawarata ita ce ki raba kari da tarbiyya. Tana durƙusawa ta gaishe ki? Tana jin kunyar kama sunan babanta? In an kira ta "na'am" take cewa ko "me"? In waɗannan suna nan, to 'yarki tana nan. In kuwa ashar ta koyo ko tsiwa, wannan kam a tsawatar, ko da wane kari aka yi shi. Abu guda da ya kamata ki tuna mata shi ne a jarrabawar Hausa daidaitacciya ake rubutawa, a takarda "suka" za ta sa, "lafiya" za ta sa. Ƙannenta kuma ki kwaɓe su, tsokana in ta zama irin ta Kanawa da Zage-zagi ba laifi, amma ban da wulaƙanci. Sau da yawa ma kafin hutu ya ƙare bakin gida ya dawo da kansa, ta zama mai baki biyu, kowanne ta san inda za ta yi shi.

Kuma mu tuna mu mata ne, ba wadda ta san garin da aure zai kai ta. Iyayenmu da yawa da wani kari aka kawo su, suka haife mu a cikin wani. Wadda ta saba jin bakin mutane tun tana ƙarama ba za ta sha wuyar zama da dangin miji ba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu haƙurin zama da su, amin.