Tseren Paris-Dakar da hukumar FIA: yadda aka yi ta gadon ragama da kokawar kujera

Duk wanda ya yi wayo a Agadez, Tahoua ko Yamai a shekarun 1980 ya san abin da watan Janairu ke zuwa da shi: ƙugin babura, ƙurar motoci da jerin jiragen sama masu rakiyar tseren Paris-Dakar. Fiye da shekara ashirin ke nan rabon da gasar ta taka ƙasar Nijar. Galibi matsalar tsaro ake dora wa laifi, kuma gaskiya ne ta taka rawa. Sai dai tarihin gasar ya nuna cewa duk lokacin da ragamarta ta sauya hannu a birnin Paris, hanyarta ma sai ta sauya, ba tare da ƙasashen da ake ratsawa suna da ta cewa ba. Mutanen da suka kara a sahararmu kuwa, su ne daga baya suka kara kan kujerar hukumar tseren motoci ta duniya.

Gasar mutum ɗaya

Wani matashi Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro Paris-Dakar. A 1977 ya ɓace da babur ɗinsa a sahara, wajen iyakar Nijar da Libiya, lokacin tseren Abidjan zuwa Nice. Da aka ceto shi sai ya ƙudurta shirya nasa tseren. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka bi ta Aljeriya, Agadez, Yamai, Gao da Bamako, inda 74 kawai suka isa Dakar.

Tun daga ranar farko gasar ba ta wata gwamnati ko ƙungiyar wasanni ba ce. Mallakar kamfanin Sabine ce, wanda ake kira TSO. Shi ke zana hanya, shi ke neman izinin shugabannin ƙasashe, shi ke yanke hukunci a fili. A 1983, da gasar ta fara ratsa Tenere, guguwar rairayi ta ɓatar da ƴan tsere kusan 40, kuma shi da kansa ya yi kwanaki yana nemansu da jirgi mai saukar ungulu har aka gano su duka. Wannan ya ƙara masa kwarjini, amma ya kuma nuna cewa komai a wuyan mutum ɗaya yake rataye.

Ranar da mai ita ya faɗi

Ranar 14 ga Janairu 1986 jirgin da ke ɗauke da Sabine ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a ƙasar Mali. Mutum biyar suka mutu, ciki har da shi da mawaƙin Faransa Daniel Balavoine, wanda ya biyo gasar domin aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. An watsa tokar gawar Sabine a gindin wata bishiya da ke tsaye ita kaɗai a Tenere, wadda har yau ake kiranta da sunansa.

Sabine bai bar magaji ba. Mataimakansa suka ƙarasa gasar wannan shekara, sannan kamfanin ya koma hannun mahaifinsa, Gilbert Sabine, likitan haƙori da bai taɓa shirin wannan aiki ba. Domin cike giɓin, aka ɗauko René Metge, direban da ya ci gasar sau uku, ya jagoranci ta 1987 da ta 1988. Daga nan aka fara samun iko biyu: mai dukiya daban, masanin hanya daban. Bayan gasar 1988, wadda aka yi asarar rayuka da dama a cikinta, ciki har da mutanen gari da motoci suka kaɗe, Metge ya sauka, Gilbert Sabine ya riƙe jagorancin da kansa.

Daga gida zuwa kamfani

A farkon shekarun 1990 yawan masu shiga gasar ya ragu ƙwarai, kuɗi suka yi ƙaranci. Iyalan Sabine suka sayar da ita ga rukunin Amaury, masu jaridar L'Équipe da tseren kekuna na Tour de France, waɗanda ke gudanar da wasanninsu ta kamfanin ASO. Tun daga lokacin, shugaban gasar ya zama ma'aikaci da ake iya naɗawa a kuma sauke.

Na farko, Jean-Claude Morellet da aka fi sani da Fenouil, gasa ɗaya tak ya jagoranta, ta 1994. Hubert Auriol ya gaje shi daga 1995. An haifi Auriol a Adis Ababa, ana masa laƙabi da "Ba'afirke", kuma shi ne mutum na farko da ya ci gasar da babur (1981 da 1983) sannan ya ci da mota (1992). Ya shafe kusan shekara goma a kujerar. Bayansa Patrick Zaniroli ya ɗan taɓa, sai Étienne Lavigne ya karɓa har zuwa 2019, lokacin da aka naɗa David Castera.

Rabon Nijar

A zamanin Sabine da mahaifinsa, Nijar ce zuciyar gasar. Agadez ta sha zama wurin hutun tsakiyar tafiya, Dirkou da Arlit suka zama zango. Tahoua, babban birnin jahar da ta ƙunshi Madaoua, Bouza da Keita, ita ma ta karɓi baƙuncin ayarin a kan hanyarsa daga Agadez zuwa Yamai, kamar yadda aka yi a 1989 da 1990. Masu otal, masu sayar da mai, makanikai, maƙeran azurfa da ƴan jagora duk suna samun kasuwar da ba su gani a sauran watanni.

Ɗan ƙasar da ya fi kowa kusanci da masu gasar shi ne Mano Dayak, mai kamfanin yawon buɗe ido na Temet a Agadez kuma aminin Sabine. Shi ke tanadar ƴan jagora da kayan aiki a sahara. Duk da haka matsayinsa na mai taimako ne, ba shi da hannun jari ko ƙuri'a. Bayan abin da ya faru a Tchintabaraden a watan Mayun 1990 da ɓarkewar tawayen Abzinawa, Dayak ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawayen. Ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 15 ga Disamba 1995, watanni bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu. Filin jirgin saman Agadez na ɗauke da sunansa.

Da aka samu zaman lafiya, Auriol ya maido da gasar a 1997 da tsarin Dakar zuwa Agadez da komawa, aka sake bi ta Tahoua. A Janairun 2000 kuma, ayarin na Yamai a kan hanyarsa ta zuwa Alƙahira, sai hukumomin Faransa suka yi gargaɗin cewa masu ɗauke da makamai na shirin kai hari a arewa. ASO ta soke zangunan Nijar, ta kwashe motoci da mutane cikin manyan jiragen Antonov zuwa Sabha ta Libiya. Tun daga nan gasar ba ta sake dawowa Nijar ba.

Ranar 4 ga Janairu 2008, ana gobe za a tashi daga Lisbon, Lavigne ya sanar da soke gasar baki ɗaya, bayan kashe Faransawa huɗu kusa da Aleg a Muritaniya. A 2009 aka kai ta Kudancin Amurka, a 2020 kuma Saudiyya, amma aka bar mata sunan Dakar. Tsofaffin gasar ba su ji daɗi ba. Auriol, Metge da Jean-Louis Schlesser suka kafa wata ta hamayya mai suna Africa Eco Race, wadda ke bi ta Maroko da Muritaniya zuwa Senegal.

Hukumar da ke sama da kowa

Kamfani ke da gasa, amma dokokin tseren motoci a hannun FIA suke. An kafa ta a 1904, hedkwatarta na Paris, kuma ƙungiyoyin masu motoci na ƙasashe sama da 140 ne ke zaɓen shugabanta duk shekara huɗu.

Lokacin da Paris-Dakar ke tashe, Jean-Marie Balestre ne mai faɗa a ji. Daga 1978 ya shugabanci FISA, reshen wasanni na hukumar, kuma shi ne shugaban ƙungiyar tseren motoci ta Faransa. A farkon shekarun 1980 ya yi kai ruwa rana da Bernie Ecclestone da lauyansa Max Mosley, masu wakiltar ƙungiyoyin tseren Formula 1, kan wanda zai riƙe kuɗin talabijin. Yarjejeniyar Concorde ta 1981 ce ta raba gardamar: hukuma ta riƙe dokoki, Ecclestone ya riƙe kasuwanci.

Shekara goma bayan haka, Mosley ya tsaya takara ya kayar da Balestre da ƙuri'a 43 da 29. Cikin abubuwan da suka rage wa Balestre farin jini har da zargin cewa ya goyi bayan ɗan ƙasarsu Alain Prost a rikicinsa da Ayrton Senna a 1989. A 1993 Mosley ya zama shugaban FIA gaba ɗaya, aka narkar da FISA a cikinta.

Daga ƙwandalar Gao zuwa akwatin zaɓe

A gasar 1989, direbobin Peugeot biyu, Ari Vatanen ɗan Finland da Jacky Ickx ɗan Beljiyam, sun tsere wa kowa, suna ta gudun kece raini a tsakaninsu tun daga Nijar. Shugaban ayarin kamfanin, Jean Todt, ya ji tsoron kada su hallaka motocin biyu. Da aka isa Gao sai ya cilla ƙwandalar faran 10 ta Faransa domin zaɓen wanda zai ci. Ta faɗa wa Vatanen, shi ya ɗauki kofin a Dakar. Balestre ya yi tir da abin, yana ganin an wulaƙanta wasan. Vatanen ya ci gasar sau huɗu, a 1987, 1989, 1990 da 1991. Ta 1988 ta suɓuce masa ne bayan an sace motarsa a Bamako yana kan gaba.

Shekara ashirin bayan Gao, mutanen biyu suka sake haɗuwa, wannan karon a matsayin abokan hamayya. Mosley ya tsallake ƙuri'ar yankan ƙauna a 2008, amma a 2009 manyan ƙungiyoyin Formula 1 suka yi barazanar ɓallewa su kafa tasu gasar, ya amince ba zai sake tsayawa ba. Ya fito fili ya mara wa Todt baya, wanda a lokacin ya riga ya yi suna a Ferrari. Vatanen, wanda ya yi shekara goma a Majalisar Turai, ya tsaya da taken sauyi, yana ƙorafin cewa ana amfani da ofishin hukumar wajen yi wa tsohon maigidansa yaƙin neman zaɓe. Ranar 23 ga Oktoba 2009 Todt ya samu ƙuri'a 135, Vatanen 49. Todt ya yi wa'adi uku, shekara 12.

Zamanin Ben Sulayem

A Disamban 2021 Mohammed Ben Sulayem na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda ya ci kambun tseren Gabas ta Tsakiya sau 14, ya kayar da Graham Stoker ɗan Birtaniya, mataimakin Todt. Shi ne shugaban FIA na farko da ba Bature ba. Wa'adinsa na farko ya sha fama da murabus na manyan jami'ai, ciki har da mataimakinsa Robert Reid, wanda ya ajiye aiki a Afrilun 2025 yana sukar yadda ake yanke shawara.

Zaɓen 2025 ya nuna yadda ƙa'ida ke iya rufe ƙofa. Dole kowane ɗan takara ya gabatar da jerin mataimaka daga kowane yanki na duniya, kuma mutum ba ya shiga jeri biyu. Daga Kudancin Amurka mutum ɗaya ce ta cancanta, Fabiana Ecclestone, matar Bernie Ecclestone, ita kuma tana tare da shugaba mai ci. Tim Mayer ɗan Amurka ya janye, Laura Villars ƴar Suwizalan ta kai ƙara kotun Paris, amma ba a dakatar da zaɓen ba. Ranar 12 ga Disamba, a birnin Tashkent, aka sake zaɓen Ben Sulayem ba hamayya.

Inda aka kwana

Tun 2022 Dakar ta zama zagayen farko na gasar duniya ta tseren sahara, wadda FIA ke sa wa hannu, ASO ke gudanarwa. Kamfani da hukuma, da suka daɗe suna zaman doya da manja, yanzu jirgi ɗaya ya kwaso su, kuma a Saudiyya ya sauka. Ko da tsaro ya inganta a Air da Tenere, maido da gasar na buƙatar amincewar masu ita a Paris da kuma kuɗin da ƙasa mai masauki za ta iya zubawa, abin da ba a taɓa nema daga Nijar ba a zamanin Sabine.