Masaƙun Kakuri da Yarjejeniyar Ciniki ta Afirka ta Yamma: Waiwaye Bayan Shekara 50

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya wuce tashar jirgin ƙasa ya shiga Kakuri, ba zai rasa ganin waɗansu dogayen gine-gine ba, da ƙofofi a garƙame da ciyawa ta cinye farfajiyarsu. Waɗannan su ne masaƙun da a dā su ke tufatar da Arewa. Abin da mu ke nufi a wannan takarda shi ne mu auna yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ma'aunin waɗannan masaƙu, watau mu ga abin da aka yi alkawari a 1975, da abin da aka cika, da abin da ya rage. Sa'an nan za mu leƙa tsibiran Karibiyan, waɗanda suka ƙulla irin wannan yarjejeniya kusan lokaci ɗaya da mu, domin mai son ya san tsawonsa sai ya tsaya kusa da wani.

Ciniki kafin zuwan iyaka

Ya kamata mai karatu ya tuna ba takarda ce ta fara haɗa kasuwannin wannan yanki ba. Tun kafin Turawa su zo fatake na kai tufafin Kano da kanwa Gwanja, su komo da goro. Baturen nan Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙar Kano da rininta suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. A wancan zamani ma akwai kuɗin fito da sarakunan hanya su kan karɓa, amma madugu ne ya ke shirya su, ayari ya biya ya wuce. Da Ingila da Faransa suka raba ƙasa, sai hanya ɗaya ta zama biyu. Katsina ta faɗa hannun Ingilishi, Maraɗi ta faɗa hannun Faransi, kuɗi ya bambanta, haraji ya bambanta, jiragen ƙasa kuwa duk aka fuskantar da su bakin teku. Saboda haka abin da shugabanni suka zauna yi a 1975 ɗinki ne na abin da aka yage, ko da ya ke sun ɗauke shi kamar sabon abu.

Yadda Kakuri ta kafu

Kaduna ta zama babban birnin Arewa a 1917, bayan an tashi daga Zungeru. Kudancin kogi ya sami abin da masana'anta ke bukata: ga ruwa, ga fili, ga mahaɗar jirgin ƙasa wadda ta haɗa hanyar Ikko da ta Kano da ta Fatakwal, ga kuma auduga tana zuwa daga Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau. Gwamnatin Jihar Arewa, a zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957 da saƙar akoko. Nortex ta biyo baya a 1962. A tsakiyar shekarun 1960 aka buɗe Arewa Textiles da jarin mutanen Japan, da United Nigerian Textiles da jarin mutanen Hong Kong. A 1975, watau shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar da mu ke magana, Peugeot ta fara haɗa motoci a Kakuri. Mutane suka yi ta kwararowa daga kudancin Kaduna da Binuwai da Filato da Kudu, unguwanni irin su Makera da Nasarawa suka cika, har ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta ajiye hedkwatarta a Kaduna.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan masaƙu an gina su ne domin kasuwar gida. Dabarar gwamnati ita ce a ɗora wa yadin waje haraji mai nauyi, ko a hana shi shigowa ɗungum, domin na gida ya sami masaya. Watau Kakuri ta girma ne a bayan ganuwa. Yarjejeniyar ciniki kuwa aikinta rushe ganuwa ne a tsakanin maƙwabta, da gina wata babba wadda za ta kewaye su duka. In an rushe ta ciki ba a gina ta waje ba, to, mai gida ya kwana a fili.

Alkawarin 1975

Janar Yakubu Gowon na Nijeriya da Janar Eyadema na Togo su ne suka ɗauki nauyin zagayawa suna neman yardar sauran shugabanni. Ran 28 ga Mayu, 1975, ƙasashe 15 suka sa hannu a Ikko, aka kafa ƙungiyar ECOWAS. Daga baya tsibiran Kef Bade suka shigo, aka zama 16. Yarjejeniyar ta tsara aikin a kan shekara 15. A shekara 2 na farko ba mai ƙara haraji a kan kayan ɗan'uwansa. A shekara 8 masu biye a yi ta rage harajin har ya ƙare. A shekara 5 na ƙarshe a daidaita harajin da kowa zai ɗora wa kayan ƙasashen waje ya zama ɗaya.

To, ga yadda abin ya gudana. A 1979 aka yarda amfanin gona da kayan sana'ar hannu su riƙa wucewa ba haraji, aka kuma yarda ɗan yankin ya shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Amma kayan masana'antu, waɗanda su ne suka shafi Kakuri, sai 1990 aka fara shigar da su. Harajin bai-ɗaya kuwa, wanda ya kamata a gama shi a farkon shekarun 1990, sai a 2013 aka amince da shi a Dakar, ya fara aiki ran 1 ga Janairu, 2015, da matakai biyar: sifiri, da kashi 5, da 10, da 20, da 35 cikin 100. Watau aikin shekara 15 ya ci shekara 40.

Dalilan wannan jinkiri ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, yawancin gwamnatocin yankin da kuɗin kwastan su ke biyan albashi, saboda haka ba wanda ya yi gaggawar sakinsa, asusun diyya da aka shirya kuwa bai gamsar da su ba. Na biyu, ƙasashen da Faransa ta raina suna da tasu ƙungiya tun 1973, da kuɗinsu ɗaya, watau sefa, suna kuma tsoron kada Nijeriya ta haɗiye su. Na uku, ƙa'idar tantance asalin kaya ta yi tsauri. Da fari har an sa sharaɗin 'yan ƙasa su mallaki wani kaso na jarin kamfani kafin kayansa su wuce, kuma kowane kaya sai an yi masa rajista an ba shi takardar shaida. Na huɗu, ita Nijeriya da kanta ta yi ta warware abin da ta ƙulla. A 1983 ta kori baƙi 'yan yankin masu yawan gaske. A 1984 ta rufe iyakokinta na tudu har 1986, abin da ya haɗu da fari ya ƙuntata wa mutanen Nijar, har suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan Buhari. Haka kuma ta sake rufe su daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020.

An yi bitar yarjejeniyar sau ɗaya bita mai zurfi. Kwamitin dattawa da Gowon ya shugabanta ya duba ta, aka sa hannu a gyararriyar a Kwatano a Yuli 1993. Ita ce ta tanadi majalisa da kotu ta yankin, da harajin ƙungiya wanda aka tsayar a rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan waje. A 2003 aka sassauta ƙa'idar asalin kaya, aka ce ya isa in aikin da aka yi wa kayan a cikin yankin ya kai kashi 30 cikin 100 na kuɗinsu a bakin masana'anta.

Ƙofar baya

Ana cikin wannan jinkiri sai wani ciniki ya bunƙasa wanda ba ya cikin takarda. Tun da Nijeriya ta tsaurara harajin yadi, Binin da Togo kuwa suka sassauta nasu, sai bambancin ya zama riba. Ɗan kasuwa ya sauke atamfa da shadda a tashar Kwatano ko Lome, ya rubuta cewa Nijar za su, a kai su Maraɗi, daga nan su ɓulla ta Jibiya ko ta hanyoyin daji, su kwana a Kantin Kwari. Gwamnatocin da kayan suka ratsa ƙasarsu sun karɓi kuɗin wucewa, saboda haka ba su da dalilin hanawa. Tsohuwar hanyar fatake ce ta farfaɗo, amma ta juya baya, domin a dā yadin Hausa ke fita, yanzu na waje ke shigowa.

Ba daidai ba ne a ɗora wa iyaka laifin duka. A 1986 aka karya darajar naira aka kuma rushe hukumar sayen auduga, sai kayan gyara da sinadarin rini suka yi tsada, auduga ta yi ƙaranci. Wutar lantarki ta zama abin nema, masaƙu suka koma sayen baƙin mai suna ba kansu wuta. A 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi. Ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, a farkon 2005 kuma aka kawar da ƙa'idar rabon kason tufafi ta duniya. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta bi ta ba da daɗewa ba, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007, ko da ya ke an sake tayar da ita a 2010 da rancen gwamnati. Mai karatu ya dubi waɗannan shekaru da kyau. Lokacin da harajin bai-ɗaya ya iso a 2015, yawancin masaƙun da zai kāre sun riga sun mutu. An kawo magani bayan an yi jana'iza.

Abin da mutanen tsibirai suka yi

Tsibiran Karibiyan da Ingila ta mallaka sun fara da tarayyar siyasa a 1958. Jamaika ta yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 ta zaɓi fita, tarayyar ta watse a 1962. Eric Williams na Tirinidad ya yi wa abin lissafi, ya ce in an cire ɗaya daga 10 sifiri ne ya rage. Da siyasa ta ƙi, sai suka koma ciniki. Yankin cinikinsu mara haraji, CARIFTA, ya fara aiki ran 1 ga Mayu, 1968. Bayan shekara 5 kacal suka duba shi suka ga bai isa ba, suka sa hannu a yarjejeniyar Chaguaramas ran 4 ga Yuli, 1973, aka kafa CARICOM, wadda ta haɗa har da Guyana da ke kan tudu. Tun a cikinta suka sa maganar harajin bai-ɗaya, suka kuma raba kansu gida biyu, manya da ƙanana, aka bar wa ƙanana damar kāre jariran masana'antunsu. Sun sake bita da kwamitin Shridath Ramphal wanda ya ba da rahoto a 1992, suka gyara yarjejeniyar a 2001, suka buɗe kotunsu a 2005.

Kada a zaci nasu ya tafi sumul. A ƙarshen shekarun 1970 Jamaika da Guyana sun tauye shigo da kaya saboda rashin kuɗin waje, tsarin biyan bashin da ke tsakaninsu ya rushe a 1983, Tirinidad kuwa ita ke sayar da mafi yawan abin da su ke saye a junansu, kamar yadda a ke tsoron Nijeriya a nan. Amma akwai bambanci ɗaya babba. Iyakar tsibiri teku ce, kaya masu yawa sai ta tashar jirgi su ke shiga, inda ma'aikaci ɗaya zai iya ƙirga su. Wahalarsu tsadar jirgi ce da ƙarancin jama'a. Iyakar Nijeriya da Nijar kuwa ta kai wajen kilomita 1,500, dangi ɗaya ne a hagu da dama, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya. Ashe mu ne muka fi bukatar daidaita haraji da wuri, mu ne kuma muka fi jinkirta shi.

Awo

In aka tambaya me yarjejeniyar ta cim ma, lalle ba za a ce babu ba. Bahaushe ya kan tashi daga Kaduna ya je Kumasi ko Abijan ba biza, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kotu, akwai haraji ɗaya a rubuce, akwai kamfanoni da ke sayar da kayansu a maƙwabta ba kuɗin fito. Amma cinikin da ƙasashen ke yi a junansu, wanda ya shiga littafin kwastan, bai cika wuce kashi 15 cikin 100 na dukan cinikinsu ba. Muritaniya ta fita a 2000. Mali da Burkina Faso da Nijar suka fita ran 29 ga Janairu, 2025, watau Katsina da Maraɗi sun sake zama a gida biyu.

A Yamai ne Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki ta Afirka gaba ɗaya a Yuli 2019, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta a farkon 2021. Malaman da ke koyar da tarihi a kwalejojinmu za su kyauta in sun sa ɗalibansu su jera shekarun Kakuri a gefe ɗaya, na ECOWAS a ɗaya gefen, su ga inda suka yi saɓani. Abin da jerin zai nuna musu shi ne, masaƙa tana bukatar wuta da auduga da iyaka mai haraji ɗaya a lokaci guda, in ɗaya ya makara sauran biyun ba za su jira shi ba. Tsofaffin ma'aikatan da ke zaune a Kakuri da Nasarawa har yanzu suna iya ba da wannan labari da bakinsu, ya kuwa kamata a rubuta shi tun suna raye.