Tarihin Doguwar Kujerar Ƙarfe: Daga Maƙera Zuwa Kicin

 Duk wanda ya taɓa shiga gidajen zamani a Legas ko Ibadan, ko don kai kaya ko don wani aiki, ya ga wata doguwar kujera ta ƙarfe marar majingina, an jera uku ko huɗu a gaban kantar kicin. Mu da muka tashi muka tarar iyayenmu mata suna girki a kan kujera 'yar tsugunno, sai mu ɗauka wannan wani sabon iyayi ne na masu kuɗi. To, ba haka ba ne. Asalinta kujerar ma'aikata ce, kuma hannun maƙeri ne ya ɗaga darajarta.

A ƙasar Faransa an yi wani mutum mai suna Xavier Pauchard, wanda aka haifa a 1880. Sana'arsa rufin gidaje da aikin kwano. Babban abokin gāban mai aikin ƙarfe kuwa shi ne tsatsa. Sai wannan bawan Allah ya ƙware wajen tsoma ƙarfe a cikin narkakkiyar tutiya, wato abin nan da ake shafe kwanon rufi da bokiti da shi don kada ruwa ya ci su. Ba shi ya ƙago wannan dabara ba, amma shi ya mayar da ita kan kayan zama. Ya kafa masana'antarsa a garin Autun, a 1927 ya yi wa kayansa rajista da sunan Tolix, a 1934 kuma ya fitar da kujerar da ta sa duniya ta san shi.

Me ya sa ta karɓu? Ba ta da nauyi, ba ta tsoron ruwa, akwai huda a mazauninta inda ruwan sama ke zurarewa, kuma ana ɗora wata a kan wata. Saboda haka masana'antu da asibitoci da masu gidajen shan shayi suka yi ta saye. Dogayen marasa majingina kuwa, su ne na ma'aikacin da ke aiki a gaban dogon tebur. Pauchard ya rasu a 1948, 'ya'yansa suka ci gaba da sana'ar.

To, yaya aka yi ta shiga kicin? A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus ɗan ƙaramin kicin mai kanta a jikin bango, har da kujerar da ake ɗagawa a sauke, don uwargida ta yi yanke-yanke a zaune. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a Amurka aka yi ta gina gidaje babu bango tsakanin kicin da wurin cin abinci. Kanta ta zama teburin karin kumallo. Tun da tsayinta ya kai kimanin santimita 90, kujerar gida ta gaza, dole sai mai santimita 60 zuwa 65. Ka ji inda kujerar lebura ta sami shiga gidan attajiri.

Sai dai duniya rawar 'yan mata ce. A 2004 kamfanin Tolix ya karye. Wata ma'aikaciyarsa mai kula da harkar kuɗi, Chantal Andriot, ta saye shi, ta fito da kujerun cikin launuka iri-iri, kasuwa ta sake buɗewa. Jabu ya cika duniya, amma mai neman ta ainihi yana biyan ninkin-ba-ninkin kuɗin jabun, domin a Autun kujera ɗaya sai ta bi matakai wajen 100 a hannun ma'aikata kafin ta fita. Dama an ce araha ba ta ado.

Wannan tarihi ya shafi samarinmu masu koyon walda a zango. Yawancinsu ƙofa da taga kawai suka sa a gaba, alhali magina suna ta yin kicin mai kanta. Wanda zai shiga wannan aiki, ya auna kantar tukuna, ya bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin mazauni da ƙasan kantar don gwiwa ta sake. Ya sa sandar ɗora ƙafa, ya ɗan buɗa ƙafafun kujerar ta ƙasa don kada ta kife da yaro. Ya goge bakin walda sumul, kada ya yage wa matar mutane zane. Sannan ya tuna damshin kudu da iskar gishirin Legas ba sa raga wa ƙarfe, fenti ɗaya a kan tsatsa cin amana ne.

Abu na ƙarshe, ya buga sunansa a jikin aikinsa. Pauchard mai rufin kwano ne kawai, amma yau shekara fiye da 70 da rasuwarsa ana cin abinci da sunan da ya bari. Muna roƙon iyaye da shugabannin ƙungiya su ƙarfafa wa yaranmu gwiwa a kan sana'ar hannu. Allah ya sa mu dace, amin.